Inci Huɗu na Rara

Na ga kuna dariyar tsumman nan da ke rataye a ƙusa bayan kekena. Jiya ma na ji ɗayanku yana gaya wa ɗan'uwansa wai wannan aikin minti goma ne, a yanko akoko, a kalmashe baki, a saka lastik, shi ke nan. Ban tanka ba, don a lokacin bakina cike yake da allurai. Ku da in ba a ɗora wa riga aikin kwamfuta ba ba ku ɗauke ta ɗinki ba, yau ku ajiye wayoyin nan ku jawo benci. Shekara arba'in da 'yan kai ina taka keke a garin Lafiya. Na ɗinka wa anguna, na ɗinka wa 'yan makaranta, na taɓa ɗinka wa mawaƙan coci uku kaya a mako guda, amma babu ɗinkin da ya koya mini sana'a kamar wannan tsumman.

Ɗamara ce. Mutumin da ciwon daji ya kama masa babban hanji, wani lokaci likitoci sukan yanke inda ya lalace, su fito da bakin hanjin ta gefen ciki, ƙasa da cibiya kaɗan. Ta nan bayan gida zai riƙa fita, yana zuba a wata jakar leda da ake mannawa a fata. Su a asibiti sitoma suke ce wa wurin, mu a shagon nan ƙofa muke cewa. Jakar in ta yi nauyi tana ja, in an yi gumi tana saki, kun kuwa san zafin garin nan. Aikin ɗamara ta riƙe jakar, ta rufe ta, mutum ya shiga cikin mutane kamar kowa.

Kafin in kai ku can, sai kun san wanda ya koya mini riƙon almakashi. Oga Anzaku ne, wani ɗan ƙabilar Eggon gajere mai faɗan tsiya, shagonsa na kan hanyar tsohuwar kasuwa. Shekara biyu na yi a wurinsa ban hau keke ba, daga hura gawayin dutsen guga sai saka maballi. Abu ɗaya ne ba ya yafewa. Duk rigar yaro ko wandon makaranta da aka gama, sai ya juya cikinsa waje, ya ɗora babban yatsa a kan ɗinkin, ya ga ko an bar rara. Rara ita ce yadin da ake naɗewa a ɓoye a ciki, don in yaro ya girma a farke a buɗe masa. In bai samu ba, rular katako ce a bayan hannunka, sannan ka zauna ka warware duka. Yakan ce uwar yaron ba ta ce ka bari ba don ba ta san ana bari ba, kai ne ka sani, saboda haka kai za a tambaya. Har na buɗe nawa shagon a Bukan Sidi hannuna ba ya iya yanka yadi sai da rara.

Ɗamarar farko, wata nas ce ta kawo mini aikinta, Sista Rifkatu, wadda nake ɗinka wa fararen kayan aiki. Ta zo da rana tsaka da wata takarda da ta zana abin da take so, ta ce akwai wani dattijo a ɗakinsu, Malam Isa mai goro, an yi masa tiyata, an sallame shi, amma ya ƙi fita ko zauren gidansa. Shekara biyu yana shan maganin basir yana ganin jini, kunya ta hana shi faɗa wa kowa inda ke damunsa, sai da hanji ya toshe aka kwaso shi. Na bi ta gidan da tef a wuya, ina ganin ai awon ƙugu ne kawai.

A nan na fara sanin ban iya komai ba. Na auna shi a tsaye, na ɗinka, na kawo. Yana zama ɗamarar ta naɗe ta danne ƙofar. Na sake. Ya yi ruku'u, ta zame sama. Na sake. Sai a karo na huɗu na gane cewa mutum ɗaya awo huɗu gare shi, na tsaye, na zaune, na sunkuye, da na bayan ya ci abinci. Tun daga ranar ba na yanka sai na sa mutum ya yi mini abin da yake yi kullum. Mai salla ya yi sujada, manomi ya riƙe fartanya ya duƙa, mai tireda ya miƙa hannu sama kamar zai ɗauko kaya. In mace ce, matata Falmata ke shiga da ita ɗaki da tef, ta fito ta karanta mini, kuma ta fi ni ido.

Abin da ya fi damun Malam Isa ma ban taɓa kawo shi a raina ba. Ƙarar leda ce. Ya ce in liman ya yi shiru, sahu ya yi tsit, shi kuma ya motsa, ledar za ta yi ƙara, na kusa da shi ya waiwayo. Na koma na yi wa jakar aljihu da tsohon zane mai laushi ninki biyu, na sa shi ya yi ta tashi yana zama a zaure, ni kuma na kasa kunne kamar mai sauraron rediyo. Da muka daina jin komai ya dube ni ya yi murmushi. Juma'ar nan ya je masallaci da ƙafarsa, ni ina bayansa da sahu biyu, kuma ban ji komai ba.

To ku ji ƙa'idar, tun da kun ce minti goma ne. Akoko sai an wanke shi sau uku sitaci ya fita, in ba haka ba ya ci fata. Ɗinki a waje yake zama, santsin ne ke taɓa jiki, wato a juye ake yin ta. Ramin da jakar ke fitowa ana zagaye shi da hannu, keke ba ya yi, kuma in ya matse da ƙwayar shinkafa ɗaya zai goge bakin hanji ya yi jini. Ƙarfe ba ya zuwa kusa. Almakashin da nake yanka ramin da shi daban yake, ga shi can a cikin gwangwani, wanda ya yanka mini zif da shi ranar zai bar shagon nan.

Bayan mako biyu Malam Isa ya aiko a rage masa ɗamara, ta yi yawa. Na rage. Bayan mako uku aka sake kawowa. Na ukun ɗansa ne ya kawo, ya ce baba ba ya iya tashi, a kama kawai da ido. Bai ga damina ba. Mutum na biyu da na uku da Sista ta turo mini duk haka suka bi, ciki yana ta shigewa, iyali suna ta zirga-zirga da ɗamara a leda daga Doma, daga Obi, daga ƙauyukan da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Sai na ce bari in sauwaƙe musu. Na ƙirƙiro layin maballi uku, kowanne ya fi na gabansa matsewa, in ɗamara ta yi yawa a matsa zuwa layi na gaba, ba sai an zo wurina ba. Rara kuwa na daina bari. Me za a yi da ita? Ƙarin kauri ne kawai a cikin zafi. Na ji daɗin dabarar nan ƙwarai, har ina nuna wa teloli 'yan'uwana, kuma tsakanina da Allah tausayi ne ya sa na yi ta.

Akwai wata al'ada da ta taso da kanta, ba wanda ya kafa ta. In mai ɗamara ya rasu, iyalinsa sukan wanke ta, su goge, su ninke, su kawo mini. Ba a raba ta a gado, ba a ba wa wani, kuma ba sa iya jefarwa. Musulmi da Kirista duk haka suke yi. Sai in karɓa, in yi musu gaisuwa, in saka a akwatin ƙarfen nan da kuke zama a kai kuna cin gyaɗa. Ina buɗe ta in duba layin da maballi ya tsaya, kusan kullum a na ukun yake.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda jakunkunan suka yanke. Da ma daga nesa ake kawo su, wani ɗan'uwa ya turo daga Legas, wani ya samo a Jos. Sai aka wayi gari babu, ko'ina ka je babu. Mutane suka koma ledar burodi da ledar ƙanƙara. Ni na riƙa yanko zobe daga murfin robar man shafawa, in naɗe shi da tsumma, in ɗinke a bakin ramin don a sami inda za a maƙala leda. Tana riƙewa, amma tana yoyo, kuma abin da ke fita daga hanji yana cin fata kamar ruwan zafi. Na ga manyan mutane masu jikoki suna kuka saboda wari, suna roƙon a fitar da su bayan gida a yi musu rumfa su kaɗai. Duk wanda na ɗinka wa daga farkon damina zuwa kaka, babu wanda ɗamararsa ba ta dawo mini ba kafin wata daminar. Na gaya wa Sista ta nemi wani tela, ni na gaji da ɗinka wa mutane abin da za a dawo mini da shi a ninke. Ta ce to, ta tafi. Bayan kwana uku ta dawo da wata mata da awonta a rubuce, ta ajiye a kan keke. Na ɗinka.

Daga nan shekaru suka yi ta tafiya, abubuwa suna canjawa a asibiti, ni ina nan a kan kekena ban sani ba. Ba don ba a gaya mini ba. Sista takan zauna a bencin nan tana jiran kayanta tana ba ni labari. Ta ce yanzu akwai wani siririn tiyo mai kyamara da ake leƙa cikin hanji da shi, a ga abin tun yana kamar ƙwayar gyaɗa, wani ma a cire shi tun bai zama ciwo ba. Ta ce da tiyata kawai ake yi a sallami mutum da addu'a, yanzu bayan tiyata akwai ruwan magani da ake sawa ta jijiya wata da watanni don ya bi sauran ciwon da ido bai gani ba, akwai ƙwayoyi, akwai gashin ciwon da hasken na'ura da ake zuwa Abuja a yi. Wasu ma ƙofar ta ɗan lokaci ce, in ciki ya warke a mayar da hanji a haɗe, a rufe. Ni kuwa sai in ce Allah ya sa, irin faɗar wanda ya riga ya yanke hukunci. Na lura ɗamarun da ake dawo mini da su sun ragu, amma sai na ce mutanen yanzu ne ba su san ya kamata ba, sun bar al'ada. Ko sau ɗaya ban kawo a raina cewa masu su ne ke sanye da su ba.

Ana haka aka kawo mini Terna. Tibi ne, manomin doya daga wani ƙauye gaba da Obi, dogo, mai faɗin kafaɗa, shekarunsa za su yi hamsin. 'Yarsa da ke karatun aikin jinya ce ta ji labarin jinin, ta ƙi yarda da zancen basir, ta sa shi gaba har asibiti. An kama abin da wuri, sai dai ya yi ƙasa sosai, don haka ƙofarsa ta zama ta har abada. An yi tiyata lafiya, saura ruwan magani na wata shida, ya sha na farko. Ya zo da matarsa, Mama Doo, yana ta barkwanci, yana cewa shi yanzu ya fi kowa gata, ba ya bin layin masai. Na ba shi fartanyar maƙwabci ya duƙa a gaban shago, na auna, na ce ya dawo jibi.

Ya dawo, na ɗaura masa, ta zauna daram. Ya yi tsalle, ya duƙa, ya ce wannan tela aljani ne. Sai ya shafo maballan ya tambayi na mene ne waɗannan layuka biyun da ba a saka komai ba. Ni kuma da alfaharina na yi masa bayani kamar yadda nake yi wa kowa, in ta yi maka yawa ka matsa nan, in ta sake yawa ka matsa nan, ba sai ka sha wahalar zuwa Lafiya ba.

Ya kalli cikinsa. Sannan ya ce, "Oga tela, in na yi ƙiba fa?"

Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Shi kuma ya kwance ɗamarar, ya juya ta, ya bi bakin ɗinkin da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, daidai yadda Oga Anzaku yake yi. Babu ko rabin inci na rara.

Ya ce, "Ba komai. Kai ka ga mutane da yawa. Ka riga ka sani."

Ya mayar ya ɗaura, ya yi godiya sosai, ya kama hannun matarsa suka tafi. Ni ma na ce ba komai ɗin ne, na ci gaba da wani wando.

Mako biyar bayan nan Sista Rifkatu ta shigo shagon nan ba sallama. Shekara ashirin da sanina da ita ban taɓa ganin ranta a ɓace haka ba. Ta ce Terna bai zo shan magani na biyu ba, bai zo na uku ba. An kira shi ya ƙi ɗauka. 'Yarsa ta je gida ta tarar yana raba wa 'ya'yansa maza gonaki, yana nuna wa kowa iyakarsa. Ya ce ba zai ƙarasa kwanansa a layin asibiti yana amai ba, zai zauna ya ga doyarsa ta bana. Da aka matsa masa ya ce dokta dole ya ce za a warke, aikinsa ne, amma tela ba ruwansa da lallashi, tela abin da ya gani yake yankawa.

Sista ta ce, "Malam Bukar, mu mun gaya masa da baki, kai ka gaya masa da almakashi, kuma naka ya ɗauka. Wannan mutumin yana cikin waɗanda ke tashi. In ya bar maganin nan ciwon zai iya dawowa, in ya dawo kuwa ba lallai mu iya ba."

Na fara kare kaina, na ce ni abin da na gani shekara da shekaru na ɗinka. Ta ce abin da aka dawo mini da shi kawai na gani. Ta tambaye ni ko na tuna wata mai manja da Falmata ta auna shekara huɗu da suka wuce. Na tuna ta. Ta ce tana nan a Azuba tana sayar da manjanta, ɗamarar ta matse ta tuni, ita da kanta ta yanko atamfa ta ƙara a baya da allurar hannu, don tana jin nauyin ta zo ta ce wa tela aikinsa ya yi kaɗan. Ta lissafo mini wani direba, da wani malamin firamare da aka rufe wa tasa ƙofar har ya jefar da ɗamarar. Na zauna a kan akwatin nan ina jin ta, kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

Ranar ban taɓa aikin kowa ba. Ina da akoko wankakke a ajiye, ina da awon Terna. Na yanka, na ƙara inci huɗu, na naɗe su inci ɗaya-ɗaya, kowane ninki da nasa layin ɗinki, yadda za a farke ɗaya a bar saura. Maballi layi ɗaya tak na saka. Hannuna ya tuna aikin kamar jiya na bar shagon Oga Anzaku.

Washegari na shiga motar Obi, daga can na hau mashin. Na same shi a bakin gona ƙarƙashin mangwaro, a kan kujerar katako, Mama Doo tana ɓare egusi a gefensa. Ya rame kaɗan, amma ba irin ramar da na sani ba. Ya yi mamakin ganina, ya sa aka kawo mini ruwa, muka gaisa, muka yi zancen ruwan sama da tsadar taki. Sannan na fito da ɗamarar, na miƙa masa a juye. Ya bi ta da yatsa. Ya ƙirga ninkin, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya dube ni.

Ya ce, "Sista ce ta aiko ka."

Na ce ita ta gaya mini, amma ba ta aiko ni ba. Na gaya masa labarin mai manja da direba. Na gaya masa cewa waccan ɗamarar awon mutanen da ne, waɗanda suka zo a makare a lokacin da babu magani, ni ne ban sake awo ba. Yana ji yana juya ɗamarar a hannu.

Ya ce, "Oga tela, faɗa mini gaskiya. Ka taɓa buɗe wa wani?"

Na so in yi ƙarya, don ita ce mai sauƙi. Amma mutumin da ya gaskata almakashina fiye da bakin likita, in na yi masa ƙarya na gama da shi.

Na ce, "Ban taɓa ba, Terna, don ban taɓa bari ba. Ban san ko za ka kai ninki na huɗu ba, wannan sanin na Allah ne. Amma ina so in fara buɗewa a kanka, kuma ba zan samu ba sai ka koma ka sha maganinka."

Mama Doo ta ajiye tiren egusi ta yi masa magana da yarensu, doguwa. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Shi dai ya tashi ya shiga bayan bukka, ya fito da sabuwar a jikinsa, ya miƙo mini tsohuwar ya ce in tafi da kayana. Bai yi mini alkawarin komai ba. Sai ranar Talata Sista ta aiko mini cewa ya zo.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Maganin nan yana da wuya. Ya hana shi cin abinci, tafin hannunsa ya yi baƙi, yatsunsa suka riƙa mutuwa har ba ya iya saka maballi sai matarsa ta saka masa. A wata na huɗu ɗamarar ta yi masa yawa, kuma babu layin da zai matsa. Dole ya biyo ta shagon nan. Na kama masa inci ɗaya da zaren hannu, manyan ɗinki, irin wanda ake cirewa da ja ɗaya, na nuna masa na ce wannan na aro ne. Ya yi dariya, ni kuwa ina tunanin ko na jawo mutum daga inuwar mangwaronsa a banza. Daga ranar duk wanda zai je shan magani nakan ce ya biyo ta nan ko da ɗamararsa lafiya lau take.

Ya gama wata shidansa. Na cire zaren aro bayan sallar layya. Sai wata ranar kasuwa, doya ta fara shigowa gari, na ɗaga kai na gan shi tsaye a ƙofar shago ya riƙe ƙugu yana ɓata fuska da gangan, wai tela ya cuce shi, ɗamara tana hana shi numfashi. Na sa shi ya shiga bayan labule ya ciro. Na ɗauki reza. Ni da nake farke ɗinki ina hira ina kallon titi, ranar sai da na ajiye rezar sau biyu na goge ido, don ba na ganin zaren. Farin ciki ne, ba na ɓoye muku. Inci ɗaya ne kawai na yadi, ya fito fari tas, bai taɓa ganin rana ba.

Cikin shekara biyu muka cinye huɗun duka. Da na farke na ƙarshe na ce masa yadi ya ƙare, sai sabuwa. Ya ce to tsohuwar fa, a akwati zan saka? Ya san labarin akwatin. Na ce a'a, wannan ba ta shiga can. Na buga ƙusa na rataye ta, ita ce kuke wa dariya. Ku sauko da ita ku juya. Ga layukan allura nan guda huɗu, ga kuma launin yadin, kowane inci ya fi na kusa da shi haske.

Har yanzu ana dawo mini da ɗamaru a ninke, ba zan yi muku ƙarya ba. Har yanzu akwai mai ganin jini ya yi shekara yana jiƙa sassaƙe, sai ciki ya kumbura a kawo shi, kuma irin wannan ko Abuja aka kai shi sai dai a rage masa zafi. Akwai wanda ya zo da wuri amma tafiyar ta fi ƙarfin gidansu. In ɗayanku ya ji babansa ko kawunsa yana zancen basir da ba ya jin magani, ko bayan gidansa ya canja ya ƙi komawa daidai, ku cire kunya ku sa shi gaba. Amma ko wane ne ya shigo nan, ko a kwance aka kawo shi, inci huɗu nake bari. Ba aikina ba ne in yanke wa mutum iyaka, an taɓa dukan hannuna a kan haka tun ina saurayi, na manta, sai da wani manomin doya ya tuna mini.

Shekara tara ke nan. Sista ta yi ritaya, tana kiwon kaji a bayan gidanta. Makon jiya da na aike ku sayen zare Terna ya zo, da doya biyar a bayan mashin, furfura ta cika masa kai. 'Yar nan tasa da ta sa shi gaba zuwa asibiti ce za ta yi aure, yana son babbar riga da wando. Na zagaya masa tef a ƙugu a kan ɗamara, na faɗi lambar, na ɗauki alli zan zana a yadi. Sai ya dafa mini hannu.

Ya ce, "Oga tela, ka bar rara. Akwai ƙannenta biyu a baya, da wannan wando zan aurar da su."

Yadin yana can kan tebur, na zana ban yanka ba. Wanda ya ce minti goma ne ya taso ya ɗauki almakashi, ina kallo.